Zuwa ga Edita: A ɗaure bututun ruwan inji kafin a shiga filin tsere

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da dukkan ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai albarka domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya shafi sana'ata. Ni bakanike ne, na koyi aiki a gida tun ina yaro, daga baya neman abinci ya kawo ni ƙasar Jamus, inda na shafe shekaru a wani gareji da ke shirya motoci masu gudu domin ranakun da ake buɗe wa jama'a filayen tsere. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne bidiyoyin da nake gani daga gida na matasanmu da suka fara sha'awar irin waɗannan motoci, har wasu masu hali suna sayo su daga Turai da Amurka, kuma duk hirar da ake yi a kansu ba ta wuce ƙarfin inji da ƙarar salansa da faɗin taya. Ban taɓa jin wanda ya tambayi abin da ke riƙe da bututun ruwan injin ba, alhali kuwa a nan, ga wasu motocin, wannan na cikin tambayoyin farko da ake yi wa mutum kafin a yarda a bi bayansa da gudu.

Domin mai karatu wanda ba bakanike ba ya bi zancen, bari in fara da yadda ruwan yake aiki. Daga ƙarfin man da inji yake ƙonawa, kaso kaɗan ne yake kaiwa ga juya taya, saura duk zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani kuma ruwa ya kwashe shi ya kai lagireto inda iska take huce shi. Wannan ruwa a rufe yake ruf, kuma da gangan aka rufe shi, saboda ruwan da yake tafasa a digiri 100 cikin buɗaɗɗiyar tukunya, idan aka ƙara masa matsin bar ɗaya (bar shi ne ma'aunin matsi) sai ya kai wajen digiri 120 kafin ya tafasa. Murfin yawancin motoci yana riƙe matsi tsakanin bar 1 zuwa 1.5, kuma matsin nan kullum tura kowace mahaɗa yake yi yana neman hanyar fita. A ce bakin bututu yana da faɗin santimita 3, matsin kuma ya kai bar 1.4, to lissafi ya nuna kamar nauyin kilo 10 ne yake tura wannan baki waje muddin injin yana da zafi, ban da jijjiga, ban da kuma jan da tiyo yake yi masa duk lokacin da injin ya motsa a kan kujerarsa.

Misalin da kowa ya sani a wannan fage shi ne na Porsche 911. Tun farkon fitowarta a shekarun 1960 iska ce take sanyaya injinta, sai a shekarar 1997 da aka fito da samfurin da ake kira 996 aka koma ruwa. Injin motar a can baya yake, bayan tayoyin baya, lagiretocinta kuma suna gaba a cikin hanci, don haka ruwan yana yin doguwar tafiya daga wutsiya zuwa kai ya dawo, kuma yawansa ya haura lita 20. Manyan cikin dangin, wato GT3 da GT2 da Turbo, an sa musu wani inji na daban wanda masu sha'awa suke kira da sunan Hans Mezger, injiniyan da ya shiga kamfanin a 1956, ya yi aikin injin motar 917 da ta ci gasar Le Mans, wato tseren awa 24 da ake yi a Faransa, a 1970, ya kuma rasu a 2020. Injin ya samo asali ne daga na motar tsere 911 GT1, wadda ta ci Le Mans a 1998, kuma an ci gaba da sa shi a motocin titi har zuwa GT3 RS 4.0 ta 2011, mai ƙarfin doki 500, wadda guda 600 kacal aka ƙera. Duk bakaniken da ya taɓa buɗe wannan inji zai shaida maka ingancinsa, ni ma ban san wani inji na zamaninsa da ya fi shi jure wahala ba.

Sai dai mai kyau ba ya rasa tabo. A wurare da dama a jikin injin, inda tiyon roba yake haɗuwa da ƙarfe, akwai wasu gajerun bututu na alminiyam da aka cusa a cikin ramukan gidajen alminiyam na zubi, kuma abin da yake riƙe da su a ciki gam ne kawai. Babu zaren sukuru, babu walda, babu wani abu da ya tokare su. Gam ne mai ƙarfi na masana'anta, kuma a motoci da yawa ya riƙe shekara da shekaru ba tare da ko ɗigo ba. Amma inji yakan yi zafi ya huce, ya sake yin zafi ya huce, sau dubbai a tsawon rayuwarsa, kuma bututu mai siriri ba ya buɗewa ya tsuke daidai da gida mai kauri, ballantana gam da ke tsakaninsu. A hankali gam ɗin yakan gaji ya bushe, har ranar da matsin ruwa zai fi ƙarfinsa. Ya kamata in faɗa domin adalci cewa 911 ta yau da kullum ta wancan zamani, wadda ake kira Carrera, injinta daban ne, kuma wannan matsala ba tata ba ce, tana da nata ciwon da ba shi ne zancenmu a yau ba.

Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka yoyo ake nufi, irin wanda mutum zai tarar da ɗan jiƙe a ƙarƙashin mota da safe ya ƙara ruwa ya kama hanya. Abin ya wuce nan. Idan gam ya saki, bututun yakan fice gaba ɗaya tare da tiyonsa, kamar an cire toshiyar tulu, famfon ruwa kuma yana juyawa da dukkan ƙarfinsa domin injin GT3 yana haura juyi 8,000 a minti ɗaya, sai ruwan ya kwarare cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Tun da injin a baya yake, ruwan a daidai tayoyin baya yake zuba, su ne kuma suke ɗauke da mafi yawan nauyin motar, su ne suke tura ta. Ruwan nan kuma gauraye yake da sinadarin gilaikol, wanda ake sawa domin kada ya daskare lokacin sanyi, kuma gilaikol yana da santsi kamar an zuba miyar kuɓewa a kan kwalta, ba ya kuma bushewa da wuri yadda ruwa zalla yake yi. Direba yakan ji wutsiyar motar ta kufce masa tun kafin allurar zafi ta motsa.

A nan ne nake so masu karatu su tsaya su yi tunani, domin shi ne dalilin wasiƙar. Motar da take gudun kilomita 200 a awa ɗaya tana cin fiye da mita 55 a kowace daƙiƙa. Idan ta yi daƙiƙa biyar tana zubar da ruwa, ta shimfiɗa santsi na kusan mita 300, kuma ba a gefen hanya ba, a daidai layin da kowa yake bi, domin a filin tsere duk direbobi layi ɗaya suke nema a kowace kwana. Wanda yake biye ba shi da labari. Masu kula da filin suna da tuta mai ratsin ja da rawaya da suke ɗagawa domin nuna cewa akwai santsi, amma kafin mai tuta ya gani ya ɗaga, motoci biyu ko uku sun riga sun taka wurin. Mai motar da ta zubar yana iya tsira da asarar inji, wanda yake bayansa ne yake haɗuwa da shinge. A filin tsere na Nürburgring da ke nan Jamus, zagayen arewa mai tsawon kilomita 20.8 da aka buɗe a 1927 cikin duwatsun Eifel, ranakun da ake barin jama'a su shiga da tikiti, kafin shekarar 2025 har masu babura suna shiga, kuma kowa ya san abin da santsi yake yi wa mai taya biyu a tsakiyar kwana. Shi ya sa a can wanda motarsa ta zubar da mai ko ruwa ake bi da kuɗin sharewa da na ɓarnar da ta biyo baya. Saboda haka idan mai mota ya ce mini shi ya yarda zai ɗauki kasadar, nakan tambaye shi ko ya nemi yardar waɗanda za su bi bayansa, domin haƙƙinsu ne yake jingina ba nasa ba.

A shekarar 2013 hukumar Amurka mai kula da lafiyar motoci a kan hanya, wato NHTSA, ta buɗe bincike a kan wannan batu game da motocin shekarun 2001 zuwa 2007, daga bisani kuma ta rufe shi ba tare da ta umarci a dawo da motocin a gyara ba. Wasu sukan kafa hujja da wannan su ce ashe babu komai. Ni ban fahimce shi haka ba. Hukuma tana auna haɗarin da ke kan titin jama'a ne, inda mutum yake tafiya da hankali, injinsa ba ya daɗewa a ƙololuwar zafi, kuma akwai tazara tsakaninsa da na bayansa. Filin tsere wata duniya ce, inda ake riƙe totur a ƙasa minti ashirin ko talatin a jere. Wasu ƙungiyoyin masu irin waɗannan motoci a Amurka ba su jira hukuma ba, sun sa sharaɗin cewa ko dai a ɗaure bututun, ko kuma a zubar da gilaikol a sa ruwa, kafin mota ta shiga ranar horonsu.

Hanyoyin ɗaurewa guda biyu ne, kuma kanikawa sun daɗe suna gardama a kansu. Ta farko ita ce sa ƙusa. Ana huda ɗan ƙaramin rami ta jikin gidan har ya ratsa cikin bututun, a yanka masa zare, a ɗaura ƙaramin sukuru da aka shafa wa maganin hana kwancewa, ta yadda ko gam ya mutu bututun ba shi da hanyar fita. Aikin bai cika tsada ba, ba ya kuma sa wa ƙarfen zafi. Amma dole mai yi ya kula da garin alminiyam da hudar take fitarwa kada ya faɗa cikin hanyar ruwa, kuma dole mai mota ya san abin da ya saya: ƙusa tana hana ficewa, ba ta hana tsattsafowa. Idan gam ya riga ya mutu, ruwa zai riƙa ɗigowa ta gefen bututun, sai dai ɗigo ne da za a gani a gareji a gyara cikin natsuwa. Don haka masu aiki na ƙwarai sukan zare bututun, su kankare tsohon gam tas, su sake mannawa da sabo, sannan su sa ƙusar. Wanda ya huda ya ɗaura sukuru a kan tsohon gam ya yi rabin aiki ne ya karɓi kuɗin cikakke.

Ta biyu ita ce walda, kuma a nan ne zan ɗan daɗe, domin a nan aka fi yin ɓarna da sunan gyara. Waldar alminiyam ba irin ta ƙofa da taga ba ce. Ana yin ta da na'ura mai iskar argon, kuma tana buƙatar tsabta fiye da kima, ta yadda ko ɗan ragowar gam ko maiƙo ya saura a cikin ramin, zai ƙone ya bar ƙananan ƙofofi a cikin ɗinkin waɗanda ido ba ya gani. Gidan kuma na zubi ne, kuma duk wanda ya san tukwanen alminiyam da maƙeranmu suke zubawa ya san cewa ƙarfen zubi yakan ɓoye iska da datti a cikinsa, sai wuta ta taɓa shi su fito. Ga kuma bambancin kauri: zafin da zai narkar da gidan ya isa ya huda siririn bututun, shi ya sa masu lura sukan jefar da bututun asali su sa wasu masu kauri da aka fafe daga dunƙulallen alminiyam musamman domin walda. Idan zafi ya yi yawa fuskar gidan takan karkace, ta ƙi zama daidai a kan gaskit, sai a magance wata matsala a haifo wata. Bayan an gama, wajibi ne a toshe kowane baki, a hura iska da matsi, a nutsa gidan cikin ruwa a duba kumfa kafin a mayar da shi jikin inji. Mai waldar da ya ce hannunsa ya wuce gwaji, ni ba na ba shi aikin motar kowa.

Idan aka tambaye ni wadda na fi so, amsata ta danganta da hannun da ke akwai. Walda mai kyau ta fi, domin ta kashe maganar gam gaba ɗaya. Amma ƙusa da aka sa da kyau ta fi walda marar kyau nesa ba kusa ba, saboda ɗinkin da ya tsage a cikin gudu bala'insa ɗaya ne da na gam da ya saki. A kowace hanya, aikin na gaske yana buƙatar a sauke inji, domin wasu bututun suna can ƙarƙashin kayan shan iska inda hannu ba ya kaiwa, kuma kuɗin aikin yawancinsa na saukewa da mayarwa ne. Shawarata ita ce duk ranar da wani dalili ya sa aka sauke injin, ko canjin kuloci ne ko wani abu, a yi wannan aiki a lokacin, a canja tsofaffin tiyo gaba ɗaya, a kuma yi wa dukkan bututun, kada a zaɓi wanda ya fice kawai a bar 'yan'uwansa, tun da rana ɗaya aka manna su kuma zafi ɗaya suka sha. Mai sayen tsohuwar mota kuma ya nemi takardar gareji da hotunan aikin, domin cewa an yi ba shaida ba ce.

Wanda bai samu halin yin aikin ba tukuna, mafi ƙarancin abin da zai yi shi ne ya zubar da ruwa mai gilaikol ya sa tataccen ruwa tare da ɗan sinadarin da ake sayarwa domin hana tsatsa da taimaka wa ruwa kama jikin ƙarfe. Wannan ba zai hana bututu ficewa ba, amma zai rage santsin, kuma gasanni da yawa, musamman na babura, sun haramta gilaikol saboda wannan dalili. Ruwa zalla ma ya fi haɗin gilaikol kwashe zafi. Illarsa a nan Turai ita ce yana daskarewa a digiri sifili, alhali haɗin rabi da rabi yana jurewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifili, don haka wanda ya manta bai mayar ba kafin hunturu yana iya wayar gari da fasasshen inji. Gilaikol kuma guba ne mai zaƙi, don haka inda ya zube a wanke, kada yara ko dabbobi su kai gare shi.

Kada wani ya ce shi ba ya da Porsche don haka zancen bai shafe shi ba. Haɗari mafi muni irin wannan da na gani da idona, a wata ƙaramar mota ce mai arha, kuma da hannuna a cikin laifin. Mai ita ya sa an ƙara mata babban lagireto, aka haɗa da wani miƙaƙƙen bututu da aka yanka da zarto, bakinsa sumul babu ɗan tudun nan da ake yi wa bakin bututu domin ya tokare kilip. Na gani lokacin dubawa, na ja tiyon da hannu na ji ya riƙe, na bar shi. Abin da hannu ya ja a sanyi daban yake da abin da matsi yake turawa a zafi, lokacin da roba ta yi laushi. A zagaye na huɗu tiyon ya zame, motoci biyu suka juya a bayansa, ɗaya ta daki shinge. Allah Ya kiyaye babu wanda ya ji rauni, amma tun daga ranar ba na barin bututu marar tudu ya fita daga hannuna, kuma na fi amincewa da kilip mai sifirin, wanda yake bin roba yana ƙara matsewa yayin da take lotsewa, a kan mai sukuru wanda yake tsayawa inda aka bar shi.

Na san irin dabarun da muke yi a gida, domin da su na tashi: a liƙe tsagaggen kan lagireto da gam mai haɗi biyu, a ɗaure tiyo da waya ko robar tayar keke, a cire tamostat a jefar, a cika da ruwan rijiya wanda yake barin ƙanzo a cikin hanyoyin ruwa. Ba na raina su, sun sha kai mutane gida daga tsakiyar daji. Amma motar da za a riƙe wa totur ana juya ta a fili ɗaya, inda iska ba ta ratsa lagireto sosai, a zafin watan Afrilu da yake haura digiri 40 a Kano ko Sakkwato, ga kuma 'yan kallo tsaye a kewaye babu shinge, ba ta da wurin irin waɗannan dabaru. Ina kira ga masu shirya irin wannan wasa, a duk inda hukuma ta ba su izini da wuri, su sa bakanike ɗaya wanda ba abokin kowa ba ya duba kowace mota: ya ɗora famfon gwaji a bakin tankin ruwa ya hura matsi daidai da abin da ke rubuce a murfi, ya jira minti goma ya ga ko allura za ta sauka, ya bi kowace mahaɗa da tocila, kuma a ba shi ikon ya mayar da mota ko ta ɗan wane ce. Famfon gwajin nan kuɗinsa bai kai na taya ɗaya daga cikin tayoyin da ake ƙonawa a yini guda ba.

Na gode da wannan fili da ka ba ni, Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam.

Naka,
Wani bakanike mai karanta jaridarku,
daga ƙasar Jamus.